Ɗalibata ta tambaye ni: me ya hana mu yi wa duniya lema a sama?

Malamin_Jogarafi:

Assalamu alaikum jama'a. Ni malamin jogarafi ne a makarantar sakandare, shekara goma sha ɗaya ke nan ina riƙe da alli, amma makon jiya wata yarinya ta ɗaure ni a gaban aji, har yau ban kwance ba.

Muna darasin duwatsu masu aman wuta ne. Na ba su labarin Pinatubo na ƙasar Filifin, wanda ya fashe a watan Yunin 1991, ya cilla iskar farar wuta sama da tan miliyan 15 can ƙololuwa, nesa da inda gajimare ke tsayawa. Iskar ta haɗu da ɗanshi ta zama ƙananan ɗigo-ɗigo masu ƙyalli, suka kewaye duniya cikin kimanin mako uku, suna mayar da wani ɓangare na hasken rana inda ya fito. A 1992 zafin duniya ya sauka da kusan rabin digiri. Don su gani da ido, na sa aka rufe tagogi aka bar ɗaya, na karkaɗe tsumman goge allo a cikin hasken da ke shigowa. Ƙurar allin ta tsaya tana walƙiya a iska, inda hasken ke sauka a kan tebur ya ɗan dusashe. Sai yarinyar nan da ke bencin baya, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu: "Malam, in dutse ya iya sanyaya duniya, me ya hana mu yi da kanmu? Ba muna da jirage ba?"

Na ce mata tambaya ce mai kyau, mu ajiye ta sai wani darasin. Duk malami ya san ma'anar wannan amsar.

Da na zauna na yi karatu, ashe ba ita ta fara tunanin ba. Wani masanin yanayi na tsohuwar Tarayyar Sobiyet, Mikhail Budyko, ya kawo shawarar fesa farar wuta a sama tun 1974. Aka yi shiru da ita kamar abin kunya, har 2006 lokacin da Paul Crutzen, wanda ya ci kyautar Nobel a 1995 kan binciken ozon (iskar da ke can sama tana tare hasken rana mai cutarwa), ya rubuta cewa tunda an kasa rage hayaƙi, ya kamata a fara duba batun da gaske. Daga nan maganar ta fito fili.

Ga abin da ya tsaya mini a rai. Ɗigon farar wutar nan ba ya daɗewa a sama, shekara ɗaya zuwa biyu ya sauko. Shi ya sa sanyin Pinatubo ya wuce. Ita kuwa iskar kabon da ke jawo ɗumamar duniya, wani kaso nata yana zama ɗaruruwan shekaru. Ke nan duk wanda ya fara fesawa ya ɗaura wa kansa aikin da ba ranar sauke shi, ya kuma ɗaura wa jikokinsa da ba a tambaye su ba. Haka ne, ko na fahimta a baibai? In haka ne, me masu goyon bayan abin suka dogara da shi? Ba na so in koma in ce wa yarinya "ba zai yiwu ba" alhali zai yiwu, ba na kuma so in sa mata rai da abin da zai iya zama gudun gara a faɗa gidan zago. Masu ilimin abin, a taimaka.

Ɗalibar_Fiziks:

Wa alaikumus salam Malam. Fahimtarka daidai take, kuma ka gaishe mini da yarinyar, ta yi tambayar manya.

Yadda nake kwatanta shi: iskar kabon bargo ce, farar wuta lema ce. Kafin zamanin masana'antu, a cikin kowane kashi miliyan na iska, kimanin 280 ne na kabon. Da Charles Keeling ya fara aunawa a dutsen Mauna Loa na Hawai a 1958 ya tarar da wajen 315. Yanzu mun haura 420. Bargon kullum ƙara kauri yake yi. Lema ba ta yaye bargo, rana kawai take tarewa. In mutum ya yi shekara hamsin yana ƙara bargo yana riƙe da lema, ranar da hannunsa ya gaji ya saki, duk zafin da aka ɓoye zai dawo cikin 'yan shekaru, ba a hankali ba. Wannan saurin shi ne abin tsoro, don tsirrai da dabbobi da noma za su iya bin canjin da ke tafe sannu-sannu, amma ba na gudu ba. Sannan lema ba ta hana teku shan kabon. Ruwan teku zai ci gaba da ƙara tsami, murjani da halittu masu ƙwarya su ci gaba da wahala.

To me masu goyon baya suka dogara da shi? Na farko, yana aiki da sauri, Pinatubo ya nuna haka. Rage hayaƙi ko an yi shi gobe, abin da zai yi shi ne tsayar da hauhawar zafin, ba zai maido da sanyin da ya wuce ba a rayuwarmu. Na biyu, yana da araha har abin ya zama matsala. Wani lissafi da Wake Smith da Gernot Wagner suka fitar a 2018 ya nuna dala biliyan biyu da 'yan kai a shekara za ta isa a shekaru goma sha biyar na farko. A kasafin manyan ƙasashe wannan ba komai ba ne. Sai dai jiragen da za su kai kaya mai nauyi tsayin kilomita 20 sai an ƙera su tukuna, na fasinja a kilomita 10 zuwa 12 suke yawo.

Masu hankali a cikinsu ba cewa suke a ci gaba da ƙona mai a fesa farar wuta ba. Cewa suke a rage hayaƙi da gaske, a yi amfani da lemar a aske ƙololuwar zafin na wasu shekaru, sannan a janye ta kaɗan-kaɗan. Ko ɗan Adam yana da irin wannan ladabin, wannan wata magana ce.

Ni matsayina, Malam, a yi bincike. Shekarar 2024 ita ce ta farko da zafin duniya ya haura digiri 1.5 a kan na kafin masana'antu, iyakar da aka yi fatan ba za a ƙetare ba a yarjejeniyar Faris ta 2015. Kuma duk abin da muka sani kan fesawar nan daga kwamfuta ne da duwatsu. A Birtaniya an shirya gwajin SPICE, balan-balan ne da tiyo mai tsawon kilomita ɗaya, ruwa zalla za a fesa, aka soke a 2012. Jami'ar Harvard ta shirya SCoPEx, za a tashi balan-balan a Kiruna ta ƙasar Suwidin a 2021, majalisar al'ummar Sami, 'yan asalin yankin, ta ce ba ta yarda ba, aka dakatar, a 2024 aka rufe shirin gaba ɗaya. Tsorona wata rana wata ƙasa ta sha zafin da ya kashe mata mutane da yawa, ta tashi ta fara fesawa a gigice, mu kuma ba mu san komai ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mai_Lura:

Ku kuna ta "za a yi, za a yi". An daɗe ana yi. Ku ɗaga kai ku ga farin layin da jirage ke bari a sama, wani ya yi awa bai baje ba. Me kuke zaton shi ne?

Tsohon_Injiniyan_Jirgin_Ruwa:

Ɗan'uwa Mai_Lura, wancan tururi ne. Injin jirgi in ya ƙona mai yana fitar da ɗanshi, a can sama kuma sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifili ko fiye, sai ya daskare nan take. In iskar wurin busasshiya ce layin ya ɓace da wuri, in mai ɗanshi ce ya daɗe. An ɗauki hotunansa tun yaƙin duniya na biyu.

Amma a wani gefen maganarka ta faɗa kan gaskiya, an daɗe ana yi, ba da niyya ba dai, kuma da hannuna a ciki. Na yi shekara ashirin da wani abu a ɗakin inji na jiragen dakon kaya. Man da muke ƙonawa baƙi ne ƙirin, mai kauri kamar kwalta, sai an dafa shi kafin famfo ya iya jansa. In kana wanke matatar mai, warin farar wuta ya kama maka maƙogwaro, ka yi wanka sau biyu yana nan a fatarka. Hayaƙin nan in ya shiga gajimaren da ke kwance a kan teku, sai ɗigon ruwan ya yi yawa ya yi ƙanana, gajimaren ya ƙara fari. A hotunan tauraron ɗan Adam ana ganin hanyoyinmu zane-zane a cikin gajimare, kamar an ja alli.

Ranar 1 ga Janairun 2020 dokar hukumar sufurin jiragen ruwa ta duniya ta fara aiki, aka sauke iyakar farar wuta a man jirgi daga kashi 3.5 cikin ɗari zuwa 0.5. An yi ne don lafiyar mutane, kuma ya dace a yi, ni na san abin da ƙirjina ya gani. Amma zanen nan a gajimare ya ragu, hasken rana ya ƙara samun hanya zuwa teku. Masana har yanzu suna jayayya kan ko nawa ne rabon wannan a cikin zafin 2023, wasu na cewa kaɗan ne, wasu na cewa ba kaɗan ba. Ni dai abin da na ɗauka shi ne mun riƙe wata 'yar lema ba mu sani ba, mun sake ta rana ɗaya. Malam, ga ƙaramin misalin abin da kake tsoro.

Akwai masu son maimaita wannan da gangan amma da ruwan gishiri maimakon guba. A Ostireliya tun 2020 ana gwada fesa ruwan teku daga jirgi a kan babban tudun murjaninsu don gajimare ya ƙara haske. Wannan ya fi kwanta mini, don in ka kashe famfo cikin 'yan kwanaki komai ya koma yadda yake. Duk da haka da aka kai irin na'urar garin Alameda a Kalifoniya a 2024, majalisar garin ta hana. Ita kuwa farar wuta a sama, 'yata Ɗalibar_Fiziks, ki yi haƙuri, wanda ya shaƙe ta ba zai yi saurin yarda a kira ta magani ba. Duk abin da aka kai sama zai sauko.

Malamin_Jogarafi:

Na gode ƙwarai, Baba Injiniya, wannan na jiragen ruwa ban taɓa jin sa ba, kuma zai shiga darasi.

Malama Ɗaliba, akwai abin da ba ki taɓo ba, shi ne kuma ya fi damuna a matsayina na mai koyar da taswirar ruwan sama. Rana ce ke ɗaga ruwa daga teku. In an rage ta, ai an rage abin da zai sauko. Na ga an ce a 1992, bayan Pinatubo, ruwan da ya sauka a doron ƙasa da wanda koguna suka kai teku ya yi ƙasa sosai. Na kuma lura dutsen El Chichón na Meksiko ya fashe a 1982, sai ga farin 1983 da 1984 a yankin Sahel. Haɗuwa ce kawai, ko akwai alaƙa? Domin manomi in ka ce masa ka rage masa zafi da rabin digiri amma damina ta gajarta da mako uku, ba zai gode maka ba.

Ɗalibar_Fiziks:

Baba, na karɓi gyara, ba magani ba ce, kuma ko ozon ma tana taɓawa, tana iya jinkirta warkewar da ya fara tun bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987 kan hana sinadaran da ke lalata shi.

Malam, ka taɓo inda ke ciwo. Akwai alaƙa a bisa abin da bincike ya nuna, ko da yake fari ba ya da uba ɗaya. Akwai wata ɗamarar ruwan sama da ta kewaye duniya kusa da tsakiyarta, tana hawa arewa tana sauka kudu tare da rana. Halinta shi ne tana karkata wajen ɓangaren duniyar da ya fi ɗumi. In ka sanyaya arewa kaɗai, sai ta ja da baya zuwa kudu, waɗanda ke bakin iyakarta ta arewa su rasa ruwa. Sahel kuwa a bakin iyakar yake. Jim Haywood da abokan aikinsa a Birtaniya sun wallafa bincike kan wannan a 2013. Sun lura cewa munanan shekarun fari na Sahel da dama a ƙarni na 20 sun biyo bayan fashewar manyan duwatsu ne a arewa, har da El Chichón ɗin. Da suka gwada a kwamfuta, fesawa a arewa kaɗai ta kawo fari a Sahel, fesawa a kudu kaɗai ta kawo masa ruwa da tsiro, amma sai ta janye ruwan daga wani wurin. Akwai ma binciken da ke nuna hayaƙin farar wuta na masana'antun Turai da Amurka ya taimaka wajen farin shekarun 1970 da 1980 ta wannan hanyar.

Amsar masu goyon baya ita ce a fesa daidai-wa-daida a ɓangarorin biyu, kuma kaɗan, a soke rabin ɗumamar ba dukanta ba. A kwamfuta, in aka yi haka, yawancin yankuna sun fi samun sauƙi a kan a bar ɗumamar ta ci gaba, don ita ma ɗumamar tana hargitsa damina. Kada mu manta ba da duniyar jiya ake kwatantawa ba, da ta gobe ake kwatantawa. Amma zan faɗi gaskiya, kwamfutocin nan sun fi iya zafi a kan ruwan sama, kuma a kan daminar Afirka ta Yamma ko junansu ba su cika yarda ba. Wannan ne ma ya sa nake cewa masana na ƙasashen da abin zai fi shafa su yi nasu lissafin da kansu, kada a kawo musu sakamako a faranti.

Lauya_Mai_Shakka:

Kun yi ta maganar kimiyya, bari in kawo nawa ɓangaren. A ce duk lissafin ya fita daidai. Wa zai yanke digiri nawa za a sauke? Ƙasar da ƙanƙara ke narke mata tana buɗe mata filin noma da hanyar jiragen ruwa, da ƙasar da teku ke cinye wa gari, ba lamba ɗaya za su zaɓa ba.

Dokar da ake da ita ba ta taka kara ta karya ba. A 2010 a Nagoya, ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar kare halittu sun ce a dakata da irin wannan aiki in ban da ƙananan gwaje-gwaje, amma ba hukunci ga wanda ya saɓa, kuma Amurka ba ta cikin yarjejeniyar. Akwai ta 1977 da ta hana amfani da yanayi a matsayin makami, wadda ta biyo bayan shuka gajimare (watsa masa sinadari don ya zubar da ruwa) da sojan Amurka suka yi lokacin yaƙin Biyetnam don hanyoyi su caɓe. Wannan yaƙi ta hana, ba ta ce komai ba kan wanda ya ce shi taimako ya zo yi. A taron muhalli na Majalisar Ɗinkin Duniya a Nairobi, Suwizalan ta kawo ƙuduri kan wannan batu a 2019, ta sake kawowa a 2024, duka biyun aka watse ba matsaya. Ƙasashen Afirka a wurin cewa suka yi a haramta amfani da shi. Ana cikin haka wani ƙaramin kamfani, Make Sunsets, ya je Meksiko a 2022 ya saki balan-balan ɗauke da farar wuta ba tare da ya nemi izini ba, yana sayar wa mutane da takardar "sanyaya duniya". Abin da ya saki bai kai ya canza komai ba, amma a Janairun 2023 gwamnatin Meksiko ta ce za ta hana. Mutum biyu ke nan da balan-balan. Ina ga ƙasa mai rundunar jirage?

Sannan ga abin da ke hana ni barci a matsayin lauya: hujja. An fara fesawa bana, baɗi damina ta ƙi a wata ƙasa. Fesawar ce, ko dama za a yi farin? Ba kotun da za ta iya rabewa, kuma mai yunwa ba zai jira kotu ba. Ko ambaliyar Dubai ta 2024 da masana suka ce ba shuka gajimare ne ya jawo ta ba, har yau akwai waɗanda ba su yarda ba.

Malama Ɗaliba, bincike ba laifi ba ne, amma duk abin da aka zuba wa kuɗi aka horar da mutane a kansa, yakan nemi a yi amfani da shi. Kuma masu sayar da mai ba abin da suke so kamar a ce an samu wata hanya. Duniya na fitar da wajen tan biliyan 37 na iskar kabon a shekara daga ƙona mai da gas da kwal. Injin Orca da aka buɗe a Ayisland a 2021 don zuƙe kabon daga iska, tan 4,000 aka tsara masa a shekara. Kafin irin waɗannan su kwashe abin da aka zuba har a iya janye lemar, gwamnati nawa za ta faɗi, yaƙi nawa za a yi? Ni a nan maganin kar a yi, kar a soma.

Malamin_Jogarafi:

Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya na koma ajin, na fara da ba yarinyar haƙuri kan jinkiri, na ce mata amsar ita ce za a iya, kuma manyan masana sun kasa shiryawa kan ko ya kamata. Ta yi murmushi kamar wadda ta ci gasa. Ni kaina, in aka matsa mini, na fi karkata wajen Barista, duk da cewa maganar fafe gora ta ƙi fita daga raina.

Na raba su gida huɗu, kowane gida ƙasa guda: mai sanyi, mai tsibirai, mai dogaro da damina, mai arzikin mai. Ranar Alhamis za su zauna su yanke digiri nawa za a sauke da wanda zai biya diyya in ruwa ya ƙi. Tun kafin a tashi har an fara faɗa tsakanin tsibirai da masu mai.

Saura abu ɗaya, Malama Ɗaliba. Ina so in nuna musu yadda ɗamarar ruwan nan ke karkata in an sanyaya arewa. Abin da nake da shi ƙwallon taswirar duniya ne da tocila da zare. Na ɗaura zaren a tsakiya na gwada tura shi ƙasa da yatsa, amma ko ni ban gamsu ba, don ba ya nuna dalilin da ya sa yake motsawa. In kina da dabarar da ta fi wannan, ki turo kafin Laraba da dare.